Zuwa Khajuraho: yadda ake zagaya haikalan Hindu da na Jain

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a wata jami'a kusa da Delhi. Ni da abokan karatuna uku muna so mu je Khajuraho a hutu mai zuwa, amma wani ya ce mana wurin batsa ne kawai. Kwana nawa ya kamata mu ware, ta ina ake bi, daga ina ake farawa, yaya mutum zai bambance haikalin Hindu da na Jain, kuma me ya kamata Musulmi ya kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da aka gaya maka akwai shi, amma bai kai kashi ɗaya cikin goma na sassaƙen da ke wurin ba, kuma yana a sanannun wurare da zan nuna maka. Ku ware dare biyu. Yini ɗaya cikakke ya isa a ga manyan haikalan, amma wanda ya iso da rana ya juya washegari da safe yakan rasa hasken safiya, kuma ɓangaren Jain ne kullum ake yankewa idan lokaci ya ƙure, alhali nan ne wasu daga cikin mafi kyawun aikin suke.

Khajuraho ƙaramin gari ne a gundumar Chhatarpur ta jihar Madhya Pradesh, kimanin kilomita 600 kudu maso gabas da Delhi. Ana danganta sunan da kalmar khajur, wato dabino. Sarakunan Chandela ne suka gina yawancin haikalan tsakanin shekarar 950 da 1050, aka ci gaba da ƙarawa har ƙarni na 12. Labarin gargajiya ya ce 85 ne, yau wajen 25 suka rage. UNESCO ta saka wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1986, hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya, ASI, ita ke riƙe da shi. Malaman Musulunci sun san garin tun da daɗewa. Albiruni ya ambace shi a ƙarni na 11 a matsayin babban birnin yankin. Ibn Battuta, wanda daga baya ya ratso ta Takadda a ƙasar Nijar ta yau a 1353, ya bayyana wani tafki mai tsawon kusan mil guda da haikalai kewaye da shi, da masu zuhudu masu tukkun gashi da suke zaune a wurin. Bayan ƙarfin Chandela ya karye, daji ya rufe garin, nisansa da manyan hanyoyi ya taimaka wajen tsirar abin da ya tsira. Wani injiniyan sojan Ingila mai suna T. S. Burt ne ya kai labarinsa ga Turawa a 1838.

Lokaci da hanya

Ku je tsakanin Oktoba da Maris. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi yakan haura digiri 45, kuma ba zafin iska kaɗai ba ne matsalar: sai an cire takalmi ake hawa haikali, dutsen kuwa yana ɗaukar zafi ya ƙona tafin ƙafa tun kafin azahar. Disamba da Janairu suna da daɗin yawo da rana, amma hazo mai kauri yakan sauka a arewacin Indiya, jiragen ƙasa su makara da awoyi, na sama a soke su. In a wannan lokacin za ku je, kada ku ɗora komawarku a daren da washegari akwai jarrabawa. Da dare sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 10, a zo da rigar sanyi. A watan Fabrairu ana bikin raye-rayen gargajiya na mako guda, wanda aka fara tun 1975. Masauki yakan yi tsada a makon, sai an kama da wuri.

Jirgin ƙasa ya fi sauƙi. Daga tashar Hazrat Nizamuddin a Delhi akwai jirgi mai sauri da ake kira Vande Bharat mai tashi da sassafe, ya bi ta Agra da Gwalior da Jhansi, ya iso cikin awa takwas da 'yan mintuna. Akwai kuma na dare mai gadaje. Ana buɗe sayar da tikiti kwana 60 kafin tafiya. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne sayen tikiti mai alamar WL a intanet suna zaton sun samu wuri. WL layin jira ne. Idan aka fitar da jerin fasinjoji bai tabbata ba, soke shi ake yi kai tsaye a mayar da kuɗi, kuma ba ka da izinin shiga jirgin da shi. CNF ne tabbatacce, RAC kuma wurin zama ne, gado ɗaya ku biyu. In ba ku samu kai tsaye ba, ku sauka Jhansi ku ɗauki mota, kilomita 175 ne. Akwai filin jirgin sama dab da garin, sai dai jiragen sun fi yawa a lokacin baƙi.

Kowa ya riƙe fasfonsa da bizarsa na ainihi, ba hoto a waya ba. Doka ta wajabta wa kowane masauki ya cike wa baƙon ƙasar waje takardar rajistar baƙi, wadda aka fi sani da Form C, kuma ƙananan masaukai da ba su yi rajistar hakan ba sukan ƙi karɓar baƙo ko da ya biya ta intanet. Ku kira ku tambaya kafin ku biya. Haikalan sun kasu rukuni uku, yamma da gabas da kudu: ku nemi masauki kusa da rukunin yamma, inda za ku taka da ƙafa.

Ka fara sanin ginin

Wanda bai san tsarin ginin ba, haikali na uku zai ji duk iri ɗaya ne. Tsarin kuwa ba wuya. Kowane haikali yana kan babban dakali mai tsayi, ba katanga kewaye da shi. Ka hau matakala ka shiga ɗan zaure, ardhamandapa. Daga nan sai rumfa mai ginshiƙai, mandapa, sai babban falo mai baranda dama da hagu, mahamandapa, sai ɗan siririn soro, antarala, sannan ƙurya, garbhagriha, ƙaramin ɗaki mai duhu inda gunkin yake. A manyan haikalan akwai lungu da ya zagaye ƙuryar ta ciki. Daga waje kowane sashe yana da nasa rufin, kowanne ya ɗara na gabansa tsayi, har a kai ga hasumiyar da ke bisa ƙurya, shikhara. An yi haka ne don ginin ya yi kama da jerin tsaunuka masu hawa zuwa ƙololuwa. Ka tsaya daga gefe, kudu ko arewa, ba daga gaba ba, za ka ga wannan hawan sarai.

Dutsen mai yashi-yashi ne, an ɗebo shi daga wajen Panna a bakin kogin Ken. Ba siminti ba kwaɓi: an fafe rami a wannan dutse, an fitar da hanci a wancan, aka zura, kamar yadda kafinta ke haɗa ƙafar kujera, nauyin dutsen ya riƙe sauran. Taushin dutsen ne ya ba masassaƙa damar fitar da silin gashi da zaren sarƙa, shi ne kuma ya sa gumin hannu ke lalata shi. Kada a taɓa, kada a jingina, balle a rubuta suna. Dokar wuraren tarihi ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ko tarar da za ta kai rupi 100,000.

Dabara guda da za ta yi maka amfani a ko'ina: ka duba tsakiyar dutsen da ke bisa ƙofar ƙurya. Surar da ke nan ita ke nuna wanda aka gina wa haikalin tun asali, ko da an sauya gunkin ciki daga baya. Cikin allolin Hindu, Shiva ana gane shi da mashi mai baki uku da maciji da bijimi, a ƙuryarsa kuma dutse ne mulmulalle a tsaye, linga. Vishnu yana riƙe da ƙaton katantanwa da faifai da kulki. Brahma yana da gemu, Ganesha kan giwa.

Rukunin yamma

Nan ne kaɗai ake yankar tikiti. Abin da aka saba karɓa daga baƙo rupi 600 ne, ɗan ƙasa 40, yara 'yan ƙasa da shekara 15 kyauta. Ana buɗewa da fitowar rana a rufe da faɗuwarta. Ku kasance a bakin ƙofa lokacin buɗewa. Yawancin haikalan gabas suke kallo, hasken safiya yana shiga ta ƙofa ya kai kusa da ƙurya, kuma yana bugun bango a karkace yadda inuwa ke fito da sassaƙen. Da rana ta take, komai yakan baje ya zama fari fat. Ku ware awa uku zuwa huɗu, ku riƙe ruwa lita ɗaya da rabi kowanne, da safa mai kauri, da fitilar waya don lungun ciki. In akwai tabarau mai jawo nesa, a zo da shi, domin layin sama na sassaƙen ya yi wa ido nisa. Ɗaukar hoto da waya ba laifi, amma kafa kyamara a kan ƙafafu sai da izini, jirgi maras matuƙi kuwa an hana.

Ku bi ta hagu. Abu na farko ƙaramar rumfa ce mai ƙaton alade na dutse guda, Varaha, tsawonsa ya haura mita biyu da rabi, an lulluɓe jikinsa da ƙananan surori sama da 600 a jere. A tatsuniyar Hindu, Vishnu ne ya ɗauki wannan siffa ya tsamo ƙasa daga ruwa.

Gabansa Lakshmana yake, kuma in da haikali ɗaya kawai za ka gani da natsuwa, wannan zan zaɓa maka, domin shi ne ya fi cika. Sarki Yashovarman ya gina shi, rubutun da ke jikinsa yana ɗauke da shekarar 954, zamanin ɗansa Dhanga. Ƙananan haikalai huɗu na kusurwoyin dakalinsa suna nan, abin da sauran suka rasa. A ƙurya Vishnu ne mai fuska uku: ta mutum a tsakiya, ta zaki da ta alade a gefe. Kafin ka hau, ka zagaya gindin dakalin. Akwai siririn layi na sassaƙa da ya kewaye shi: mayaƙa da dawakai, giwaye, mafarauta, makaɗa, malami da almajiransa, masu jan dutse. Ga ɗalibin tarihi wannan layi ya fi gumakan daraja, don shi ke nuna yadda mutanen ƙarni na 10 suke sa tufafi, suke ɗaure sirdi, suke fita yaƙi.

A can ƙarshen filin Kandariya Mahadeva yake, mafi girma, na Shiva, tsayinsa mita 31. An gina shi wajen 1030, ana danganta shi da Sarki Vidyadhara, wanda ya yi arangama da sarkin Musulmi Mahmud na Ghazni a 1019 da 1022. Hasumiyarsa tana goye da ƙananan hasumiyoyi 84, kowacce kwafin uwar, shi ya sa idan ka ɗaga kai sai ka ga kamar ginin yana tofowa sama. Masanin kayan tarihi ɗan Birtaniya Alexander Cunningham ya ƙirga surori 872 a jikinsa, 646 a waje, 226 a ciki. Ka lura da bakan ƙofar shiga, wanda aka sassaƙa har ya yi kamar zaren da aka saƙa, da rufin ciki mai da'irori masu shiga juna. Ka kwatanta surorin nan da na Lakshmana: a nan sun fi tsawo da siranta, jiki ya fi murɗewa. Wajen shekara 75 ke tsakaninsu, kuma ana ganin yadda hannun masassaƙa ya sauya.

A kan dakali guda da shi akwai Devi Jagadambi. Gwada dabarar ƙofa a nan: Vishnu ne a bisa ƙofar ƙurya, duk da cewa yau gunkin mace ne a ciki. Tsakanin haikalan biyu akwai surar mutum yana kokawa da zaki, wadda ake ɗauka tambarin gidan Chandela. Sai Chitragupta, na gunkin rana, inda gunkin ke tsaye da dogayen takalma bisa keken dawakai bakwai. Sai Vishvanatha na Sarki Dhanga, wajen shekarar 1000, da ƙaton bijimi Nandi a rumfarsa yana fuskantar ƙofa. Waɗannan ukun ba sa buƙatar dogon lokaci.

Yanzu maganar da ka tambaya. Surorin saduwa a fili suna wuri biyu. Na farko, a bangon waje daidai inda babban falo ya haɗu da ƙurya, kudu da arewa, a Lakshmana da Kandariya da Vishvanatha. Na biyu, a wani yanki na layin gindin dakalin Lakshmana, ta kudu. Akwai ƙanana a Jagadambi da Chitragupta. Masana sun ba da fassara daban-daban: alamar albarka da haihuwa, tasirin ɗariƙun asiri da ake kira tantra, ko kuma wasa da ma'ana, wato an sa haɗuwar jiki a inda sassan gini biyu suka haɗu. Wanda ba ya son gani zai iya wuce waɗannan wurare da sauri, tunda ya san inda suke. Amma gaskiya ita ce surorin mata masu ƙarancin sutura suna ko'ina a bangon, ba a iya kauce musu gaba ɗaya. Kowa ya auna wannan tun kafin ya sayi tikitin jirgi. In za ku ɗauki ɗan jagora, ku ɗauki mai katin shaida na gwamnati, ku yanke kuɗi da tsawon lokaci tun farko, ku gaya masa ƙarara cewa gini da tarihi kuke so. In ba haka ba, da yawansu kai tsaye can za su nufa da ku, don sun saba abin da wasu baƙi ke nema ke nan.

Inda ake bauta har yau

Haikalan da ke cikin shinge kayan tarihi ne, ba a hidimar bauta a cikinsu. Amma dab da Lakshmana, ta wajen shinge, akwai Matangeshwar, wanda bauta ba ta yanke a cikinsa ba. Gini ne maras ado, a ciki linga ne mai tsayin mita biyu da rabi. Da safe da yamma za ka ji ƙararrawa, a lokacin bikin Shivaratri kuma, wajen Fabrairu ko Maris, cinkoso ba a magana. Dole ka bambance irin wuraren nan biyu, domin ladabinsu ba ɗaya ba ne.

A wurin da ake bauta, a cire takalmi, a rufe kafaɗa da gwiwa, a rage murya, kada a ɗauki hoton mai ibada ba izini. Ana zagayawa ne da ƙurya a hannun dama, akasin yadda ake ɗawafi, wanda ya bi ta ɗaya hannun zai riƙa karo da mutane. Mai hidimar wurin yana iya miƙo maka alewa ko 'ya'yan itacen da aka gabatar wa gunki, prasad, ko ya nufo goshinka da jan gari, ko ya so ɗaura maka zare a wuyan hannu. Babu wanda ya wajabta maka karɓa. Ka ja baya taki ɗaya, ka ɗora hannu a ƙirji, ka girgiza kai da sakin fuska, ya wadatar. Abin da ke ɓata rai shi ne a karɓa sannan a yar a gaban mutane. Mafi sauƙi ma shi ne ka tsaya daga ƙasan matakala ka kalla. Hukuncin shiga irin waɗannan wurare kuwa fagen malamai ne, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa kafin tafiya.

Salla ku yi ta a masauki, kada ku shimfiɗa darduma a cikin filin haikalan. Ku tuna a nan alƙibla yamma take, kusan sak, ba gabas ba kamar a gida. Abinci kuma, wanda ba nama shi ya fi yawa kuma ya fi kwanciyar hankali: shinkafa da miyar dal, chapati, kayan lambu. Kayan leda masu koren ɗigo ba nama a cikinsu. Ba kowane nama ne yankan Musulmi ba, sai an tambaya. Kada wanda ya riƙo kilishi ko dambun naman shanu a jakarsa: jihar Madhya Pradesh tana da doka mai tsanani a kan naman shanu, kuma abu ne da ke tayar da hankalin jama'a nan take.

Rukunin gabas da haikalan Jain

Bayan hutun rana, wajen ƙarfe uku, ku ɗauki keke ko adaidaita zuwa gabas, tafiyar kilomita biyu ba ta cika ba. Ku yi ciniki da mai adaidaita a kan gabas da kudu gaba ɗaya, har da jira, ku biya a ƙarshe. In ya ce zai biya da ku wani shago, ku ƙi, kamasho yake nema kuma hasken yamma ba ya jira.

Jain addini ne mai zaman kansa, ba reshen Hindu ba ne, ba kuma na Buddha ba. Mabiyansa a Indiya sun kai miliyan huɗu da rabi a ƙidayar 2011. Suna girmama malamai 24 da suke kira tirthankara, ma'ana mai buɗe mashigi a kogi don wasu su haye. Na farko Adinatha, na 23 Parshvanatha, na ƙarshe Mahavira, wanda ya yi zamani da Buddha. A aƙidarsu waɗannan mutane ne da suka kuɓuta daga duniya, ba sa ji ba sa amsa roƙo, abin koyi ne kawai. Ginshiƙin addinin shi ne kada a cutar da mai rai, komai ƙanƙantarsa. Shi ya sa masu tsanantawa ba sa cin albasa da tafarnuwa da dankali, ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana. Yawancin masu gina haikalan Jain a nan attajirai ne da manyan fada, a ƙarƙashin sarakunan da su kansu Hindu ne.

Daga waje ba za ka bambance su da na Hindu ba, salon gini ɗaya ne, dutse ɗaya ne. Bambancin yana ƙurya. Surar tirthankara hannu biyu gare ta, ba makami, ba ado. Ko dai tana zaune ta harɗe ƙafa da tafuka a cinya, ko tana tsaye ƙyam hannuwa sun sauka ba su taɓa jiki ba. A tsakiyar ƙirji akwai 'yar alama mai kama da lu'ulu'u. A Khajuraho surorin ba tufafi, domin na ɓangaren Digambara ne, waɗanda manyan masu zuhudunsu suke barin komai har sutura. Wannan tsiraici alamar rabuwa da duniya ce, ba shi da alaƙa da abin da ka gani a yamma, kuma dariya ko nuni da yatsa a nan cin fuska ne babba. Da haka kuma ake bambance su da Buddha, wanda kullum yana da mayafi. Tunda fuskokin 24 ɗin kusan ɗaya ne, a ƙasan kujera ake duba alama: bijimi na Adinatha, barewa ta Shantinatha, zaki na Mahavira. Parshvanatha shi ne mai kawunan maciji da suka yi masa laima.

Haikalan Jain uku suna cikin katanga ɗaya. Mafi girma shi ne wanda ake kira Parshvanatha, na tsakiyar ƙarni na 10, tsaran Lakshmana. Sunan na baya-bayan nan ne, domin baƙin gunkin da ke ciki a 1860 aka saka shi. Bisa ƙofa Chakreshvari ce mai hannu goma, mai tsaron Adinatha, wanda ke nuna shi aka gina wa tun farko. Ba shi da baranda, saboda haka bangon ya zama shimfiɗa guda ta sassaƙa, layi uku. Abin mamaki, da yawa daga surorin bangon na Hindu ne: Vishnu da Lakshmi, Balarama da matarsa, Rama da Sita. A ganina aikin hannun da ke nan ya fi na ko'ina a garin natsuwa. Ka nemi mace mai zizara kwalli, da mai cire ƙaya daga tafin ƙafa, da mai ɗaura abin ƙafa na rawa, da mai rubuta wasiƙa. Ka dubi yadda nauyin jiki ya koma kan ƙafa ɗaya a wurin mai cire ƙayar, da yadda bayanta ya lanƙwashe daidai yadda na mai rai zai yi.

A jikin ƙofar shiga akwai rubutu mai shekarar 954 da ke lissafa lambunan da wani mai suna Pahila ya bayar kyauta ga haikalin. Kusa da shi akwai abin da ɗan ƙasar Hausa zai gane nan take: hatimi mai gida 16. Lambobin da rubutun Indiya na da aka yi su, ga yadda suke:

7, 12, 1, 14
2, 13, 8, 11
16, 3, 10, 5
9, 6, 15, 4

Ka tara kowane layi a kwance, 34. A tsaye, 34. A karkace, 34. Ka ɗauki kowane gida huɗu da suka haɗa kusurwa, kamar 7 da 12 da 2 da 13, nan ma 34. Yana daga cikin tsofaffin hatimai irin wannan da aka sani a duniya. Ilimin nan ba baƙo ba ne a wurinmu: Muhammad al-Katsinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hanyoyin tsara hatimi a 1732. Yawancin baƙi wucewa suke yi ba su gan shi ba don ƙarami ne, ka tambayi mai gadi ya nuna maka.

Adinatha yana gefensa, ƙarami, na ƙarshen ƙarni na 11. Ƙurya da soro kawai suka rage na asali, zauren gabansa sabon gini ne, kuma da ido za ka ga inda tsohon aiki ya tsaya. Shantinatha kuwa wurin bauta ne mai rai, an harhaɗa shi daga baya da sassan tsofaffin gine-gine, a ciki akwai sura a tsaye da ta fi tsayin mutum biyu, mai rubutun wajen 1028. A nan ka'ida ta fi tsauri. Ban da takalmi, ana cire duk abin fata: bel, walat, jakar fata, har igiyar agogo. Ba a shiga da abinci, ba a taɓa sura, kuma ko sauro ne ya sauka maka, kore shi za ka yi, kada ka tafa. Ɗayanku ya tsaya da kayan a waje ku yi karɓa-karɓa, ya fi a bar walat da fasfo a bakin ƙofa. A wajen katangar akwai ƙaramin gidan tarihi mai siffar da'ira da aka tara surorin Jain, wuri mai kyau na gwada gane alamomin nan.

A hanyar komawa ta tsohon ƙauyen akwai Ghantai, kangon haikalin Jain da ginshiƙai kawai suka rage, an sassaƙa musu sarƙoƙi da ƙararrawa masu lilo, daga nan sunan ya fito. Minti goma ya isa. Vamana da Javari na Hindu suna arewa kaɗan, in lokaci ya bari. Yara da samari za su biyo ku da tayin zagaya ƙauye ko kai ku wata makaranta a nemi taimako, ku ba su haƙuri ku wuce. Masu sayar da "tsohon" gunki ko tsabar kuɗi kuma, ko dai jabu ne, ko kuma in na gaske ne doka ta hana fitar da duk abin da ya haura shekara 100 daga ƙasar. Gidan tarihin ASI da ke cikin gari ku bar shi zuwa safiyar komawa, sai dai ba ya buɗewa ranar Juma'a.

Kudu

Haikalai biyu za ku gani a nan. Duladeo, na Shiva, yana bakin wani rafi, daga cikin na ƙarshe da aka gina, a ƙarni na 12. Adon ya yi yawa, fuskoki suna maimaita juna, alamar hannu ya fara gajiya. Ku ba shi minti ashirin ku wuce Chaturbhuj, 'yan kilomitoci gaba ta wajen filin jirgi. Ku lissafa ku isa minti 40 kafin faɗuwar rana, wato wajen ƙarfe biyar saura a lokacin sanyi. Babu surar saduwa ko ɗaya a jikinsa, kuma saɓanin manyan haikalan, yamma yake kallo. A ƙurya akwai sura mai hannu huɗu ta dutse guda, tsayinta mita 2.7, kuma a wannan lokacin ne kawai rana ke shiga ta ƙofa ta haska ta. Wurin ba kowa sosai, hanyar ba fitilu, saboda haka kada ku sallami mai adaidaitan sai ya mayar da ku cikin gari.